Filin Tambaya da Amsa: In Za Ka Yi Faɗa da Ingilishi, Wace Kalma Ce Ta Fi Zafi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo kan abu ɗaya suka tsaya, wato yadda ake nuna wa mutum da Ingilishi cewa ba a ji daɗin abin da ya yi ba, shi ya sa na tsince su na haɗa wuri guda, masu neman a duba musu takardar neman aiki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Sunaye kamar kullum na cire.

Daga wata 'yar'uwa a Marwa, ƙasar Kamaru:

Malam barka da aiki. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji anan Marwa, akwai wani abokin aikinmu ɗan Najeriya da yayi min alkawarin zai turo min rahoto kafin juma'a bai turo ba, shugabarmu tayi min faɗa a gaban mutane, sai na tura masa saƙo nace "you really deceived me". Wlh tun ranar ko gaisuwata baya amsawa da kyau, har yaje yana faɗa wa wasu wai na kira shi mayaudari, ni kuma abinda nake nufi kawai "tu m'as déçu". Meye laifina aciki dan Allah?

'Yar'uwa, kin kira shi mayaudari kam, sai dai ba da niyya ba. "Deceive" a Ingilishi yaudara ce tsagwaronta, mutum ya san gaskiya ya ɓoye miki, ya haɗa miki gadar zare da gangan, abin da Faransanci ke cewa "tromper". Wadda kike nema ita ce "disappoint". Da kin rubuta "I am disappointed", ko "you let me down" wanda ya fi kama da maganar baki, da ya gane kin sa rai ne ya ba ki kunya, shikenan, ƙila ma shi zai fara ba ki haƙuri. Kinga tsakanin ka ba ni kunya da ka yaudare ni ai akwai tafiya.

Kuma ba ke kaɗai ba ce, kusan duk wanda ya shiga lekol, wato makarantar boko, ta ƙofar Faransanci sai ya faɗa ramin nan, dalilin kuma tsoho ne. A 1066 mutanen Normandi daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, aka daɗe fada da kotu da manyan gari suna harka da Faransanci, dubban kalmomi suka tsallaka cikin Ingilishi. Lokacin da "deceive" ta tsallaka, "décevoir", wato tushen "déçu", a Faransancin wancan zamanin yaudara take nufi, Ingilishi ya riƙe tsohuwar ma'anar gam, Faransanci kuma ya yi gaba ya bar ta. Yau ga su nan fuska ɗaya hali daban, kama da wane dai ba ta wane.

Tunda an zo wajen bari in ƙara miki, don a ofis irin naku za ki ci karo da su. Nan wajenmu masu aiki da Faransanci in aka ce an ba wane "blâme" kowa ya san takardar horo ce da ke shiga dosiye, gaba da "avertissement". To "blame" na Ingilishi babu takarda a ciki, ɗora laifi ne kawai, ko yaro ƙarami zai iya ɗora wa ƙaninsa laifin fasa kofi ya ce "I blame him". Takardar horon "reprimand" ake ce mata ko "written warning". Sai "injure", ta yi kama da "injurier" amma jin ciwo ne a jiki, in kika ce "he injured me" tambayarki za a yi ko kin je asibiti. Zagi "insult" ne.

Wadda na fi jin tsoro ita ce "abuse". Mu in mun ce wa mutum "tu abuses" nufinmu ka wuce gona da iri, har da dariya ake faɗa, mai moto ya tsuga maka kuɗi ka faɗa masa ya rage ku tafi. Ɗan Najeriya in ya ce "he abused me" zagi yake nufi. Amma Bature ko babban ofishin ƙungiyar agaji in suka ga kalmar nan a rubuce cin zarafi suke karantawa, duka ko lalata ko zaluntar na ƙasa da kai, kuma irin waɗannan ƙungiyoyin ba sa wasa da ita, magana ce da ke iya kai wa ga bincike da raba mutum da aikinsa. Don haka kar ki kuskura ki haɗa sunan mutum da ita a imel sai in da gaske abin da kike nufi kenan.

Shi kuma abokin aikin naki kar ki sake bi ta saƙo, saƙon ne ya jawo. Ki same shi ido da ido ki ce "I used the wrong word, I meant I was disappointed", in ya so ki nuna masa ma'anar "déçu" a waya ya gani da idonsa. Amma maganar rahoton da bai turo ba kar ki janye ta, tana nan daram, haƙurin kalma kike bayarwa ba haƙurin rahoto ba.

Daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Garwa:

Malam ina sayo takalma da atamfa daga Najeriya, suna shigo min ta Mubi wani lokaci ta Yola. Akwai wani ɗan kudu da nake saye wurinsa, na taya kaya a WhatsApp bayan na lissafa canjin sefa da naira, sai ya turo min "nonsense", can kuma yace "you are not serious". Yarona da ya karanta min yace zagi ne. In zagi ne in sani in canza wurin saye don ni ba sa'ansa bane.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, kar ka canza wuri tukuna. "Nonsense" shirme ne, magana marar kan gado, kuma abin dubawa a irin waɗannan kalmomin shi ne a kan wa ta sauka, kan tayin ko kan mai tayin. In ka faɗi kuɗi ya ce "nonsense" ko "that price is nonsense", to albarka ce ya ce maka amma mai kaushi, ta mutumin da bai tashi a kasuwar da ake cewa albarka ba. In kuwa ya ce "you are a nonsense man", nan ya bar kuɗin ya hau kanka, wannan zagi ne ba ja. Haka "rubbish" take, asalinta shara, mutanen Ingila suna yawan faɗinta kan ƙwallo ko abinci ko wani ra'ayi, Amurkawa su sun fi cewa "garbage" ko "trash". "You are not serious" kuwa ka santa ai, ita ce "tu n'es pas sérieux" ɗinmu, wato wasa kake, ba ka shirya saye ba. A kasuwannin Najeriya ana jefa ta kullum kuma a gama ciniki lafiya har a ɗaura maka kaya.

Duk da haka yaron naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ba zagi ba ne amma ba ladabi ba ne, ballantana ga mai shekarunka kuma tsohon abokin ciniki. Wanda ya san darajar mai saye cewa zai yi "that is too low" ko "I can't accept that price". In abin ya tsaya maka a rai, sa yaron ya rubuta masa "let us talk with respect, what is your last price?" gajere haka ba ƙari, yawanci suna saukowa don shi ma ba ya son rasa ka.

Waɗanda in ka gan su za ka san an taɓa mutuncinka su ne "stupid", "idiot", "fool", "useless man", "thief", da kuma in ya kira ka 419, lambar sashen dokar laifuffuka ta Najeriya ce da ke magana kan damfara, ta zama sunan ɗan damfara a bakin kowa. Akwai kuma "silly" mai rikitarwa, a Ingila uwa na ce wa ɗanta "don't be silly" cikin wasa, abokai ma haka, kusan "kai dai ka cika shirme" ne, amma ka ce wa magidanci ɗan Najeriya ko ɗan Ghana "silly" ka ga yadda ido zai juye. Ƙamus ba zai faɗa maka wannan ba, zai ba ka ma'ana ne ya bar ka da nauyin.

Daga wani dattijo a Kusuri:

Ni mai sauraron rediyo ne tun ina saurayi. Kullum aka kai hari sai inji Majalisar Ɗinkin Duniya tayi Allah wadai, Amurka tayi tir, Tarayyar Afirka tayi Allah wadai. Jikana dake karatu yace a Ingilishin kalmomin ba ɗaya bane, wai akwai mai zafi akwai mai sanyi. Da gaske ne ko duk kanwar ja ce?

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, jikan naka ya yi gaskiya. Hawa-hawa ne, kuma jakadu kan kwana suna ja-in-ja kan kalma ɗaya kafin a fitar da takarda. Can ƙasa akwai "expresses concern", nuna damuwa, in an so a ɗan ɗaga sai a ce "deep concern" ko "grave concern". Sai "regrets", takaici, abu bai yi daɗi ba amma ba a nuna kowa da yatsa sosai ba. Sai "deplores", nan an fito an ce abin ya munana. Sama da ita "condemns", wadda ita ce Allah wadai ta gaske, ita ma ana ƙara mata gishiri, "strongly condemns", har zuwa "condemns in the strongest terms". Masu fassara labarai a rediyo lokaci ƙalilan gare su kafin a buɗe musu makirfo, sai su zuba yawancinsu cikin tir da Allah wadai, ni ban ga laifinsu ba, mai sauraro yana shan shayi ba zai tsaya awon kalma ba.

Ga misali daga ƙofar gidanmu. A watan Maris na 2017 wakilan Kwamitin Sulhu suka zagaya ƙasashen Tafkin Chadi, har Marwa da Njamena da Maiduguri sun je, bayan sun koma sai ranar 31 ga watan suka zartar da ƙuduri mai lamba 2349, a ciki kalmar da aka sa kan hare-haren Boko Haram ita ce "strongly condemns". Ba wuya a nan, don babu ƙasar da za ta tashi a zauren ta ce a sassauta wa Boko Haram. To duba 2 ga Maris 2022, da Babban Zauren Majalisar ya yi zama kan shigar Rasha cikin Yukren, ƙasashe 141 suka goyi baya, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace, Chadi tana cikin masu goyon baya, Kamaru ba ta kaɗa ƙuri'a ba, kuma abin da takardar ta ce shi ne "deplores in the strongest terms". Kaga an ɗaure ta da zafi daga baya amma kalmar kanta mataki ɗaya ce ƙasa. A ganina haka abin yake tafiya, in wanda ake magana a kansa babba ne mai abokai kuma ana neman hannuwa da yawa, sai a nemo kalmar da kowa zai iya sa hannu a ƙasanta ba tare da ya ɓata da kowa ba.

Akwai kuma "denounce", ita fitowa ce bainar jama'a ka kira abu ko mutum da mugun sunansa, 'yan adawa da ƙungiyoyi sun fi riƙe ta. Jikan naka ya kula, "dénoncer" ta Faransanci tana ɗaukar kai ƙarar mutum wurin jandarma, Ingilishin yau da kullum a nan "report" yake cewa. Haka in jaridar Faransanci ta rubuta "on déplore" mutum kaza, asarar rayuka take ƙirgawa, "deplore" ta Ingilishi ba a ƙirga gawa da ita. "Condemn" kuma ban da Allah wadai tana nufin yanke wa mutum hukunci, ko a ce gini ko kaya ya tashi daga aiki, daga nan muka samo kwandem da makanikai ke faɗa in inji ya mutu murus, kuma harafin "n" na ƙarshen "condemn" ba a furta shi, shi ya sa ma Bahaushe bai ji shi ba balle ya ɗauko.

In ka tambaye ni Baba, mutumin Fotokol ko Kolofata a arewacin Kamaru da aka ƙona wa gida, ko da wace kalma aka fito ba ta mayar masa da jinka. Amfaninta ɗaya gare mu masu sauraro, in ka ji abu ya yi muni amma an tsaya a damuwa ba a kai Allah wadai ba, to akwai wanda ake jin nauyinsa.

Daga wani malamin makaranta a Njamena:

"Censure" da "censor" ɗaya ne?

A'a Malam. Faransanci ne ya haɗa su a kalma ɗaya, Ingilishi ya raba. "Censor" tacewa ce, a cire wani abu daga fim ko jarida ko a hana fitarsa, irin aikin hukumar tace fina-finai ta Kano. "Censure" tsawatarwa ce a hukumance, majalisa ko wata ƙungiya ta kaɗa ƙuri'a ta ce wane ka yi ba daidai ba, kuma ba lallai ta tsige shi ba, a 1834 majalisar dattawan Amurka ta yi wa Shugaba Andrew Jackson haka ya ci gaba da mulkinsa har ya gama wa'adi. Amma "motion de censure" ta Faransa kayar da gwamnati take, ita ce ta kayar da gwamnatin Firaminista Michel Barnier ranar 4 ga Disamba 2024, karo na farko tun 1962. In za ka faɗa wa ɗalibanka wannan da Ingilishi ka ce "vote of no confidence", ƙuri'ar yanke ƙauna, za su fi ganewa.

Daga wani ɗalibi a Ngaundare:

Malam ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ina shirin bak, jarrabawar fita. Malaminmu na Ingilishi yaja min jan biro a ƙarƙashin "my father disapproves my friends" kuma bai min bayani ba. Sannan meye bambancin "disapprove" da "disagree"?

Ɗana, "of" ka manta a gida. "My father disapproves of my friends" ake cewa. "Désapprouver" ba ta buƙatar ɗan rakiya shi ya sa hannunka ya wuce kai tsaye. 'Yar'uwarta "approve" ma haka, in ganin dacewar abu ake nufi sai da "of", in kuwa sa hannu ne a hukumance kamar majalisa ta amince da kasafin kuɗi to babu ita. Bambancin da ka tambaya kuma, "disagree" saɓanin ra'ayi ne kuma "with" take ja, kai ka ce Eto'o ya fi Roger Milla abokinka ya ce ina, kun saɓa, ba wanda ya yi laifi. "Disapprove" ganin abu bai dace ba ne ta fuskar tarbiyya ko mutunci, babanka da yawon darenka kenan, ba musu yake da kai ba, cewa yake bai kamata ba. Kar kuma ka haɗa su da "disprove", ita rushe magana ce da hujja.

Tunda jarrabawa ce a gabanka, ka haddace kowace da ɗan rakiyarta don nan ake zubar da maki a banza, "criticize for", "blame for", "accuse of", "object to", "complain about". In kana son ka burge mai gyaran takarda ka sa "frowned upon", abin da jama'a ke yi wa kallon banza ko da doka ba ta hana ba, kamar miƙa wa babba abu da hagu.

Daga wani ma'aikacin kamfani a Njamena:

Shugabana Bature ne ɗan Ingila. Na makara wajen kai lissafin ƙarshen wata sai ya rubuto "I was a little surprised not to receive it, this is not ideal". Ni na ɗauka ba komai tunda yace "a little", har na amsa masa da "ok thanks". Abokin aikina da ya daɗe dasu yace in shiga taitayina wai ransa a ɓace yake sosai. Anya?

Ɗan'uwa, ka riƙe abokin nan da kyau, ya san su. Mutanen Ingila, musamman a wurin aiki, suna da ɗabi'ar rage murya daidai lokacin da ransu ya fi ɓaci, kuma ai mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu, in surukinka ya dube ka ya ce ba komai, ka kyauta, ya juya ya ci gaba da jan carbinsa, ka san da komai kuma ba ka kyauta ba. To "a little surprised" ita ce ka kyauta ɗinsu. "Not ideal" a baki tana nufin bai kai yadda ake so ba, a zuci tana nufin wannan ɓarna ce. "I'm a bit concerned" ya damu ƙwarai. In ya fara da "with respect" ko "with all due respect", duk abin da zai biyo baya rushe maganarka ne. In ka ga "as I mentioned before" ko "as per my last email" yana ce maka sau nawa zan faɗa. "Ok thanks" ɗin da ka tura kuwa, a idonsa kamar ka ɗaga kafaɗa ne ka wuce.

Sai dai har yanzu kana matakin da ake gyarawa. Kalmomin da in ka gan su a rubuce za ka san an bar hira an shiga dosiye su ne "unacceptable", "unprofessional", "inappropriate", ballantana in ka duba saman imel ɗin ka ga an sa ofishin kula da ma'aikata a kwafi. "Inappropriate" tana da sanyi a kunne, bai dace ba kawai, amma sau da yawa ita suke sawa in maganar ta shafi taɓa mace ko kalaman batsa ko harkar kuɗi da ba a son faɗa ɓaro-ɓaro. Can sama akwai "misconduct", sai "gross misconduct" wadda a dokokin aikinsu kan iya jawo kora nan take ba sanarwa. In shugaban ɗan Najeriya ne kuma za ka ji "query", ita ce "demande d'explication" ɗinmu, takardar da za ka amsa a rubuce. Amurkawa sun fi fitowa fili amma su kuma sukan fara da yabo, ka bari sai ka ji "but" ko "however", abin da ya biyo baya shi ne saƙon.

Yau ɗin nan ka sake rubuta masa, layi biyu sun isa, "I apologise for the delay, you will have it by" ka sa rana da lokaci, kuma ka cika. Kar ka jero masa labarin ɗauke wuta da intanet da rashin lafiyar gwaggo, ko gaskiya ne, doguwar hujja a wurinsu kamar gudun laifi ce. Ranar da kai ma za ka nuna masa ba ka gamsu da wani abu ba, ari salon nasa, "I have some concerns about this" ko "I'm not comfortable with this", zai ji ka sarai. "You are wrong" ka bar wa abokan kallon ƙwallo.

Daga wata uwa a Garwa:

Malam yarana biyu suna ɓangaren Ingilishi a wata makaranta mai harshe biyu. Madam ɗinsu ta rubuta a littafin ƙaramin "naughty and stubborn", jiya kuma naji yana cewa yayansa "shut up" da "shame on you". Ni banyi Ingilishi ba, in zane shi ne ko in ƙyale?

Hajiya, ajiye bulalar tukuna. "Naughty" ƙiriniya ce ta yara, "stubborn" taurin kai, duk malamar firamare tana rubuta su, ki dai leƙa makarantar ki ji me yake yi. Waɗanda za su sa ki yafa mayafi ki tafi a ranar su ne "rude" da "disrespectful", rashin kunya da raina na gaba, "dishonest" rashin gaskiya, da "bully" mai cin zalin yara. "Rude" ɗin nan ba ta Faransanci ba ce mai nufin abu mai tsanani, fitsara ce. In kuma kika ji ya ce Madam "scolded me" ko "told me off", faɗa ta yi masa da baki, irin na babba ga yaro. "Naughty" dai a bar ta kan yara, in aka faɗa wa babba tana iya karkata wajen batsa.

Na gidan ne ya fi damuna. "Shut up" rufe min baki ne, "shame on you" kuma tir da kai, ko kunya ba ka ji, duka biyun ba maganar ƙane ga yaya ba ce a kowane harshe. Yaranmu da ke ɓangaren Ingilishi suna ɗaukar harshen makaranta kamar ba shi da nauyi, tunda iyaye ba sa ji sai su faɗi abin da ba za su taɓa iya faɗa da Hausa ko Fulatanci ba. Ki kira shi gaban yayan ki ce ya maimaita abin da ya faɗa da Hausa, za ki ga ya sunkuyar da kai ya kasa, daga nan sai ki ja masa kunne.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar Marwa:

Malam ya ake cewa tsaki da Ingilishi? Ina rubuta gajeren labari ne na aji.

'Yata, 'yan Najeriya "hiss" suke cewa, a waya kuma su rubuta "mtchew" kamar yadda muke rubuta mtsww. Amma Bature in ya karanta "she hissed" hucin maciji ko na kyanwa zai ji, ko mace tana magana ƙasa-ƙasa cikin fushi ta tsakanin haƙora. A Ingila da tsibiran Karebiyan "kiss your teeth" ake cewa, a Amurka "suck your teeth", Faransancin titi kuma "tchip" da kika sani. Su Turawan suna da nasu ɗan ƙarami, "tut", a rubuce "tut-tut" ko "tsk", ɗan taɓa harshe ne a bayan haƙoran sama, bai kai tsakinmu tsawo ko raini ba, kar ki musanya su. A labarin naki ki rubuta "she sucked her teeth", kowa zai gane. In mai duba takardar ya yi karatu a Najeriya, "she hissed" ma za ta wuce.